Daga Rumbu Zuwa Jini: Jawabi Kan Abinci Mai Ba Da Ƙarfi

Tunda an gama zubi, an rufe akwati, ina roƙon aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Yau maganar tuwo za mu yi.

Na ga wasu sun yi murmushi, kuma da gaskiyarku. Ni da aka haifa jiya, me zan koya wa uwar da ta shekara 30 tana riƙe da muciya? Wajen tuƙi kam ku ne malamai. Abin da na zo da shi daban ne: mene ne a cikin tuwon, daga ina ya fito, kuma ina yake zuwa bayan an haɗiye shi. Kowacce a nan ta san kaso mafi girma na abin da gida ke samu a tukunya yake ƙarewa, ɗan abin da ya rage kuma sau da yawa rashin lafiya ke cinye shi. Idan muka gane aikin da hatsi ke yi a jiki, da wanda ba ya iya yi, da wannan mudun da muke da shi za mu fi ciyar da yaro, mai ciki da tsoho.

Abu ɗaya mai fuska 3

Masana sun kasa abin da ke cikin abinci gida-gida. Akwai mai gina jiki, wato furotin, irin na wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da nono. Akwai maiƙo. Akwai masu kare jiki daga cuta, irin na ganyaye da 'ya'yan itace. Sannan akwai mai ba da ƙarfi, wanda a littafi ake kira kabohaidiret. Kada sunan ya ba ku tsoro, kullum da shi kuke kwana kuke tashi.

Fuskokinsa 3 ne. Na farko sukari, abin da harshe ke jin zaƙinsa: na rake, na zuma, na dabino, na mangwaro, har da ɗan zaƙin da ke cikin madara. Na biyu sitaci, wanda ya cika gero, dawa, masara, shinkafa, acca, alkama, rogo, doya, dankali da gwaza. Na uku zare-zaren jikin tsiro, irin na dusa, ɓawon wake da jijiyar ganye, wanda cikinmu ba ya narkarwa.

Ku kawo jigida a ranku. Kowane ƙwaya ɗaya na jigida, shi ne ƙaramin sukarin da ake kira gulukos. Idan ƙwayar tana yawo ita kaɗai, ko su 2 a haɗe, harshe zai ji zaƙi. Idan aka shirya ɗaruruwa ko dubbai a zare ɗaya, zaƙin sai ya ɓuya, ya zama sitaci. Idan kuma aka yi musu wani irin ƙulli mai tauri da cikin ɗan Adam ba ya iya kwancewa, sun zama kara, itace da auduga. Ke nan garin tuwo da ƙwayar sukari 'yan gida ɗaya ne. Ku riƙe wannan, duk sauran maganar a kansa take.

Ganye ne madafa, ƙwaya ce asusu

Daga ina gero ke samo wannan sukari? Ba daga taki ba. Koren ganye ne ke haɗa shi. Saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa, ganye ya shaƙi irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, hasken rana kuma ya zama wutar girkin. Abin da aka sauke shi ne sukari, sannan ganyen ya saki iska mai kyau wadda mu da dabbobi muke shaƙa. Taki yana taimaka wa shuka ta yi ganye mai faɗi da lafiya, amma girkin na ganye ne da rana. Shi ya sa ciyawar da ta rufe shuka ko tsutsar da ta cinye ganye ke rage amfani. Shi ya sa kuma ƙuduji ke tsotse gona: yana manne wa saiwar dawa ko gero ne yana sace abin da ganye ya dafa.

Shuka ba ta cinye duk abin da ta dafa a rana ɗaya. Tana ajiya, kamar yadda kuke yi a nan. Rake da takanɗa suna ajiye nasu a cikin kara, a matsayin sukari. Rogo da dankali suna binne nasu a ƙasa. Gero da dawa kuwa suna tura nasu cikin ƙwaya, su ƙulle shi ya zama sitaci, guzurin ɗan tsiron da zai fito baɗi. Kun lura ɗanyar masara da tumu suna da zaƙi, amma in sun bushe zaƙin ya tafi? Ba tafiya ya yi ba, an shirya shi ne a zare. Ayaba da mangwaro kuma akasin haka suke yi: suna ɗanye sitaci ne, suna nuna sai zaren ya tsinke, zaƙi ya fito.

A cikin kilo 10 na busasshen gero ko dawa, wajen kilo 6 zuwa 7 sitaci ne. Wannan shi ne dukiyar da ke cikin rumbu. Kuma ku sani, ƙwayar hatsi tana da rai. Idan ta ji danshi sai ta soma numfashi da ƙarfi, tana ƙona sitacinta, buhu ya ɗau ɗumi, ƙwari da fumfuna su samu wurin zama. Masu sayen hatsi da kaka don sayarwa da bazara, ga gwaji mai sauƙi: a zuba hatsi kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Abin da saniya ke iyawa, mu ba ma iyawa

Kara, harawa da ciyawa duk cike suke da sukari a ƙulle. Saniya, akuya da tunkiya suna ƙiba da su saboda cikinsu ɗaki 4 ne, kuma a babban ɗakin akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke kwance ƙullin. Tuƙar da kuke ganin akuya na yi, taimaka musu take yi. Gara ma da irin wannan taimako take cin itacen ɗaki. Ɓawon fara mai ƙaras-ƙaras, yauƙin kuɓewa, kuka da karkashi, da ƙaron da ake tsinta a jikin itace, duk dangin nan ne.

To, tunda ba ma narkar da zare-zaren, ba shi da amfani ke nan? Yana da shi sosai. Shi ke riƙe ruwa a hanji ya sa bayan gida ya fita da sauƙi. Shi ke ciyar da ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a babban hanjinmu. Shi ne kuma ke rage wa sukari gudu idan zai shiga jini. Za mu dawo kan wannan.

Tafiyar loma a cikin jiki

Aikin yana farawa tun daga baki. A cikin yawu akwai wani sinadari mai tsinka zaren sitaci. Ki gwada a gida: ki tauna ɗan burodi ko dafaffiyar shinkafa, kada ki haɗiye, ki yi ta taunawa. Can za ki ji zaƙi ya soma fitowa. A ƙaramin hanji ake ƙarasa tsinkawar, har jigidar ta koma ƙwaya-ƙwaya, ta ratsa bangon hanji ta shiga jini. Jini ya kai wa kowace gaɓa rabonta. Can a ciki ake ƙona shi da iskar da muka shaƙa, ba hayaƙi ba harshen wuta, sai ɗumin jiki da ƙarfin daka, surfe, ɗiban ruwa da tafiya kasuwa. Gaskiyar Hausawa ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙwaƙwalwa ta fi kowa dogaro da shi. Ta babban mutum tana cin wajen giram 120 na gulukos a yini, ko ana aiki ko ana barci. Yaron da ya tafi makaranta bai karya ba, malam na magana yana hamma, ba lallai daƙiƙi ba ne. Ko ɗumamen tuwo ne a ba shi kafin ya fita.

Ga abin mamaki: duk jinin jikin babban mutum mai lafiya, sukarin da ke yawo a ciki bai fi cokalin shayi 1 ba. In ya yi ƙasa sosai, sai jiri, rawar jiki da gumi, har suma. In ya daɗe a sama, sai ya riƙa lalata jijiyoyi. Saboda haka jiki yana da ma'aji. Akwai wata 'yar gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, tana fitar da sinadarin insulin. Da an ci abinci sukari ya hau, insulin ne ke buɗe ƙofofi a shigar da shi ciki, a ajiye rarar. Hanta tana ajiye wajen giram 100, tsoka kuma wajen giram 400. Na tsoka nata ne ita kaɗai, na hanta kuwa na kowa ne: shi ake ciro wa jini da dare, ko lokacin da aka jima ba a ci ba. In waɗannan sun cika, abin da ya ragu sai a mayar da shi kitse.

Ajiyar hanta ba ta da yawa, da ƙyar take kai kwana 1. Masu azumi sun san yadda la'asar take. Dalilin da ya sa dabino ke dawo da mutum hayyacinsa nan da nan ke nan, sukarinsa a kwance yake. Da sahur kuwa an fi son abin da zai daɗe yana sauka a hankali, kamar tuwo da miyar ganye, wake, ko fura da nono. Idan yunwa ta yi tsawo, ajiya ta ƙare, jiki sai ya koma kan kitsensa, ya kuma riƙa rushe tsokarsa yana mayar da ita sukari don ƙwaƙwalwa. Ramar da ake gani lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga noma ga goyo, ita ke nan. Don haka mai ciki da mai shayarwa, kada ku zama na ƙarshe a kan kwano. Mai ciki ta ƙara ci sau 1 a kan yadda ta saba, mai shayarwa ta ƙara sau 2.

Kunun yaro: ciki ya cika, jiki bai samu ba

Yanzu mun zo inda na fi so ku buɗe kunne. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba ya buƙata. A cikinsa akwai sukarinsa na musamman, ya ma fi na madarar saniya yawa, ga maiƙo, ga furotin, ga kariya daga cuta. Bayan wata 6 sai a fara ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

A nan ake samun matsala. Sitaci yana da wani hali: in ya ji ruwan zafi sai ya kumbura ya yi kauri. Gari kaɗan sai ya kama tukunya. Uwa ta ga kunu ya yi wa yaro kauri, sai ta ƙara ruwa, ta ƙara, har ya zama tsararo. Yaro ya sha, ciki ya yi tim, uwa ta ji daɗi. Amma cikin yaro ɗan wata 8 bai wuce kofi ɗaya ba, kuma yawancin abin da ya cika shi ruwa ne. Bayan ɗan lokaci ya yi fitsari, yunwa ta dawo. A haka yaro zai yi ta shan kunu, awo na nuna ba ya ƙaruwa.

Ga ma'auni: ki ɗebo kunu a cokali ki karkata shi. In ya zube kamar ruwa, ya yi tsararo. In ya tsaya ya sauka a hankali, ya yi. Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 zuwa 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3 har a kai rabin kofi. Daga wata 9, sau 3 zuwa 4. Bayan shekara 1, a kusa cika kofin.

In yaron bai iya haɗiyar mai kauri ba fa? Dabarar tana hannunku tun tuni, masu kunun zaƙi sun san ta: tsiro. Lokacin da ƙwaya za ta tsira, tana fitar da sinadari irin na yawunmu don ta buɗe asusunta. Shi za mu ara. Ga yadda ake yi:

1. A wanke gero mai kyau, a jiƙa shi ya kwana.
2. A tsane shi, a baza a kan tsabtataccen buhu ko ƙyalle mai danshi a inuwa, a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 2 zuwa 3, sai ya fito da tsiro.
3. A shanya a rana ya bushe ƙarau. In an ga fumfuna ko an ji wari, a zubar.
4. A murtsuke, a sheƙe, a cire saiwar da tsiron gaba ɗaya, a niƙa ƙwayar, a ajiye a mazubi mai murfi.
5. A dama kunu mai kauri sosai, a sauke ya ɗan huce, a zuba kimanin cokalin shayi 1 na garin a kofi ɗaya, a juya. Cikin 'yan mintuna zai saki, ba tare da an ƙara ruwa ba.
6. A mayar wuta ya sake tafasa, sannan a bari ya huce a ba yaro.

Gani ya kori ji, mako mai zuwa za mu yi shi tare a nan. Amma gargaɗi ɗaya: na ce gero ne da gangan. Tsiron dawa yana da guba, ita ce ke kashe dabbar da ta ci gyauron dawa. Don abincin yaro, a tsaya a kan gero ko masara.

A ƙara cokalin shayi 1 na man gyaɗa ko manja a kunun. Giram 1 na maiƙo ya ninka giram 1 na sitaci ƙarfi fiye da sau 2, kuma ba ya cika ciki. Zuma kuwa, kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Itace ba ya zama bulo

Sitaci itacen girki ne, ba tubalin gini ba ne. Yana ba da ƙarfi, amma tsoka, jini da ƙashi suna buƙatar wasu abubuwan. A 1933, wata likita mai suna Cicely Williams da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana ta yi bayanin wata cuta da take gani a yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara kawai: ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa. Mutanen wurin, 'yan ƙabilar Ga, suna kiranta kwashiyoko, ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Sunan da duniya ke amfani da shi ke nan har yau. Mu ma mun san tamowa. In kin danna bayan ƙafar yaro da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, a ƙafa biyun, ba ƙiba ba ce. A kai shi asibiti a ranar.

Rigakafin bai fi ƙarfinmu ba. Gero yana da furotin wajen kashi 10 cikin 100, wake ya haura kashi 20, rogo kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan hatsi da wake suka haɗu, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Garin kunun da ake kira Tom Brown a kan haka aka gina shi: awo 6 na hatsi, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawo, a niƙa tare. A riƙa ƙara garin zogale, busasshen kifi ko ƙwai in an samu. Ƙwan da kazarki ta yi, kafin ki kai kasuwa, ki ware wa yaron nasa.

Ranar da sukari ke ceton rai

Yaro mai gudawa ba yunwa ke fara kashe shi ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Masana sun gano cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da gishiri ba ya shiga sai tare da sukari, in sun shiga kuma ruwa sai ya bi su. A 1971, lokacin da kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijirar Bangaladash da ke Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba mutane ruwan gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka ragu ƙwarai. Daga nan dabarar ta bazu a duniya.

Mafi kyau shi ne na ƙunshi, wanda ake samu a asibiti da kemis, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In babu shi a kusa, kafin a samo: ruwa mai tsabta lita 1, wato leda 2 ta fiya wata mai rabin lita, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. A shafe na ce, ba a tsiri ba. In sukari ya yi yawa, ruwa zai jawo daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba maganin gudawa ba ne. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da nono da abinci, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko akwai jini a kashin, sai asibiti. Yaron da ya suma kuma, ko zazzaɓi ne ko gudawa, kada a ɗura masa komai a baki.

Ranar da sukari ke cin jiki

Abin da ya yi magani a can, shi ke zama cuta in ya yi yawa. Ciwon sukari yana zuwa ne idan jiki ya kasa fitar da insulin, ko ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya taru a jini, gaɓoɓi na yunwa alhali ga abinci a ƙofa. Alamominsa: yawan fitsari har da dare, ƙishirwa, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, ciwon da ya ƙi warkewa, tururuwa na taruwa a wurin fitsari. In an bar shi yana taɓa ido, ƙoda, zuciya da ƙafa. Ba ciwon masu kuɗi ba ne kawai, kuma ba jifa ba ne. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna. Mai ciki ma yana iya kama ta, dalili ke nan na zuwa awo. Tun 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na Kanada, yau kuma ga ƙwayoyi ga allura, mai ciwon yana iya tsufa lafiya in ya bi ƙa'ida.

Bari in gyara wasu maganganu da ake yi. Ana cewa mai ciwon sukari ya bar sukari ya koma zuma. Zuma ma sukari ce. Ana cewa ya ci tuwon alkama ko acca iya cikinsa. Ku tuna da jigida: su ma sitaci ne, a hanji sukari za su koma. Abin lura shi ne yawa, da abin da aka haɗa da shi. A rage malmala, a yawaita miyar ganye, wake, zogale da rama, a riƙa motsa jiki, kada a bar magani don an ji sauƙi. In kuma mai shan magani ya soma rawar jiki da gumi, yana cikin hayyacinsa, to sukarin ne ya faɗi, a ba shi ruwan sukari nan take.

Mu masu lafiya ma da namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen cokalin shayi 12 ga babba, in an tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da cokali 8 zuwa 9. Alewa da lemo suna kashe wa yaro cin abinci, ƙwayoyin cutar baki kuma su mayar da sukarin tsami ya huda haƙori. Kuɗin lemo ɗaya, ku lissafa, ƙwai nawa zai saya?

Sai maganar surfe. Idan muka surfa hatsi ya yi fari tas, dusar da muka ba akuya ta tafi da yawancin zare-zaren da wasu bitamin. Tuwon ya yi kyau a ido, amma ya fi saurin komawa sukari. Ba na ce a daina surfe ba. A sassauta hannu, wani lokacin a wanke hatsi a niƙa shi da dusarsa, musamman don manya.

Abin da za mu tafi da shi

Hatsi ƙarfi yake bayarwa, don haka kada tuwo ko kunu ya tafi shi kaɗai, a haɗa shi da wake, gyaɗa, ganye da ɗan mai. Kunun yaro ya tsaya a cokali. Gudawa, ruwan gishiri da sukari da awonsa daidai. Zaƙi kuma a yi masa linzami.

Kafin mu tashi, mu rabu 5-5 mu tattauna waɗannan:

- Jiya me ƙaramin yaron gidanki ya ci daga safe zuwa dare? A ciki wanne ne ba hatsi ba?
- A wane wata ne abinci ya fi yin ƙaranci a garin nan, kuma me za mu tanada tun da kaka?
- Wace ce a cikinmu ba ta taɓa auna sukarin jininta ba?

Zama mai zuwa, ina roƙon mata 2 su jiƙa gero gwangwani 1 tun saura kwana 5, wata ta zo da tukunya da itace, kowacce kuma ta zo da cokalin shayi daga gida, mu ga ko girmansu ɗaya. Mai tambaya ta ɗaga hannu, iyaye su fara. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a.